Daga Dabo-Dabo Zuwa Akwatin Talabijin: Darasin Wani Gidan Tarihi Ga Birnin Bauchi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba shiga gidajen adana kayan tarihi ya san irin kayan da ake jerawa a cikin akwatunan gilashi: takubba da sulke, tukwanen ƙasa, tsofaffin kuɗi, da tufafin sarakuna. Irin waɗannan kaya ba sa rasa komai don an ajiye su shiru, domin ko da can ma ba magana suke yi ba. Amma akwai wani nau'in kaya da shirun gidan tarihi yake rage masa daraja, wato 'yartsanar da ake zura wa hannu a motsa ta, a ara mata murya, ta yi wa jama'a wasa. Ita wannan, da zarar an zare hannu daga cikinta sai ta koma tsumma da zare.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda wani gidan tarihi a birnin New York na Amurka ya shawo kan wannan matsala a nunin da ya shirya game da Jim Henson, mutumin da 'yantsanarsa suka yi fice a talabijin ɗin yara. Daga nan za a auna darasin da ke ciki da abin da ƙasar Hausa da maƙwabtanta suka mallaka na irin wannan wasa, sannan a dubi birnin Bauchi a matsayin wurin da darasin zai yi amfani. Abin da maƙalar take son tabbatarwa ɗaya ne: adana gangar jikin 'yartsana ba ya wadatarwa, sai an haɗa da hannun da ya motsa ta, da muryar da ta yi magana da ita, da harshen da aka yi maganar a cikinsa.

2.0 Wasan 'Yartsana a Gargajiyance

Manazarta adabin Hausa sun daɗe da sanya wasannin yara da na tashe da wasan gauta a cikin rukunin wasan kwaikwayo na gargajiya. A cikin wannan rukuni akwai wasanni biyu da suka shafi wannan maƙala kai tsaye, kuma ya kamata a bambanta su tun da farko.

2.1 'Yartsana

'Yartsana abin wasan 'yan mata ce a cikin gida. Ana yin ta da karan dawa, ko ƙashin ƙafar dabba, ko yumɓu, ko tsumma. Akan yi mata kitso da zare, a ɗaura mata ƙyalle a matsayin zane, a goya ta a baya. Idan 'yan mata suka taru sukan shirya bikin 'yartsana, su kwaikwayi kai lefe da kamu da kai amarya, daga baya ma har da haihuwa da suna. A nan yarinya ita ce mai wasa, ita ce kuma 'yar kallo. Ita take yi wa 'yartsanar magana, ita take amsawa a madadinta, kuma ta wannan hanya take gwada kalmomin manya da al'adunsu tun kafin ta kai gare su.

Yana da kyau a tuna cewa malaman fiƙihu da dama, ciki har da Alƙali Iyal na mazhabar Malikiyya, sun keɓe 'yartsanar yara daga hanin da aka yi game da surori. Hujjarsu ita ce hadisan da suka nuna Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da irin waɗannan abubuwa tare da ƙawayenta. Wannan batu yana da muhimmanci ga duk wanda zai shirya wa yaran Arewa wani shiri da 'yantsana, domin tambayar farko da iyaye za su yi masa ke nan.

2.2 Dabo-Dabo

Wasa na biyu na manya ne, kuma sana'a ce da ake yi a bainar jama'a. A Hausa kalmar dabo tana nufin rufa-ido, wato nuna wa mutane abin da hankali ba ya ɗauka. Daga nan aka sami sunan dabo-dabo, Hausawan Jamhuriyar Nijar kuma sukan kira 'yantsanar wannan wasa ɗiyan dabo. A 1910 wani Bature mai suna D. Alexander ya buga bayanin wasan kamar yadda ya gan shi a Borno a cikin mujallar Man ta Landan, inda ya kwatanta shi da wasan Punch da Judy na Ingila. A 1935 kuma R. E. Ellison ya sake bayyana shi a mujallar Nigerian Field.

Tsarin wasan mai sauƙi ne. Mai wasa yakan kafa sanduna, ya lulluɓa musu babbar riga ta zama kamar ɗan tanti, ya shige ciki ya ɓuya. Sai ya zura hannu a cikin 'yantsanar tsumma, ya fito da su ta wuyan rigar. Yakan sa ɓallin ɓawon ƙwan jimina guda 2 a bakinsa, muryarsa ta fito siririya kamar ta usur. Tun da ba kowa yake gane abin da wannan murya take faɗa ba, akwai mataimaki a waje da yake maimaita maganar ga jama'a. Wasan ya ƙunshi gajerun fitowa, kowace ba ta wuce 'yan mintoci ba, kuma kowace da labarinta: ɓarawo ya shiga gida, ko budurwa da masu nemanta, ko Baturen mulki da hular hana-sallarsa.

Abubuwa huɗu ne ginshiƙan wannan wasa: ɓoyuwar mai wasa, sauya murya, mutum na zahiri da yake tsaye tsakanin 'yartsana da 'yan kallo, da kuma gajartar labari. Mai karatu ya riƙe waɗannan huɗun, domin zai sake cin karo da su a wurin da bai zata ba.

3.0 Nunin Jim Henson

3.1 Mutumin da Aikinsa

An haifi Jim Henson a 1936 a jihar Mississippi, ya rasu a New York a watan Mayun 1990. Yana ɗalibi ya fara wani shiri na minti 5 mai suna Sam and Friends a wani gidan talabijin na Washington, wanda ya gudana daga 1955 zuwa 1961. A cikin wannan shiri aka fara ganin Kermit, wanda daga baya ya zama kwaɗon da duniya ta sani. Da tsohuwar kwat ɗin mahaifiyarsa Henson ya ɗinka shi, ya raba ƙwallon tebur gida biyu ya yi masa idanu. Ke nan asalin Kermit bai fi asalin ɗan dabo na kasuwar Borno tsada ba.

Gudummawar Henson ga wannan fasaha ta ta'allaƙa ne a kan fahimtar da ya yi wa kyamara. Waɗanda suka gabace shi sukan kafa ɗan dandamalin katako su ɓuya a bayansa, kyamara ta ɗauki dandamalin da abin da ke kansa. Shi kuwa ya lura cewa kyamara ba ta nuna sai abin da aka saita ta a kai. Saboda haka ya yar da dandamalin, ya ɗaga hannunsa sama da kansa, aka saita kyamara a kan 'yartsanar kaɗai. Iyakar hoton talabijin ita ta zama babbar rigar da yake ɓuya a ƙarƙashinta. Daɗin daɗawa, ya ajiye ƙaramin akwatin talabijin a gabansa yana kallon abin da 'yan kallo suke gani a daidai lokacin da yake wasa, don ya gyara kallon 'yartsanar da motsin bakinta. Ya kuma zaɓi yadi da soso a maimakon icce, domin fuska mai taushi ta fi nuna fushi da mamaki da kunya idan kyamara ta matso kusa.

3.2 Shigarsa Talabijin ɗin Yara

A ranar 10 ga Nuwamba 1969 aka fara nuna shirin Sesame Street, wanda Joan Ganz Cooney da Lloyd Morrisett suka assasa don koya wa ƙananan yara, musamman 'ya'yan talakawa, baƙaƙe da ƙidaya kafin su shiga makaranta. Abin da ya bambanta shirin da na gabaninsa shi ne gwaji. Masu bincike sukan zaunar da yara a gaban talabijin, su ajiye wata na'ura a gefe tana sauya hotuna kowane 'yan daƙiƙoƙi, su riƙa lura da lokacin da idon yaro ya bar shirin ya koma kan hotunan.

Da farko masu ba da shawara sun ce kada a haɗa mutane da 'yantsana a fitowa ɗaya, wai kada a rikita yara tsakanin gaskiya da ƙage. Gwajin da aka yi a Philadelphia kafin fara nuna shirin ya bayyana cewa da zarar 'yantsana sun ɓace, mutane sun rage su kaɗai, sai hankalin yara ya tafi. A kan haka aka sauya tsari, aka shigo da wani ƙaton tsuntsu mai launin ruwan ɗorawa, Big Bird, wanda tsayinsa ya haura ƙafa 8, yana yawo yana hira da manya. Caroll Spinney ne ya shiga cikinsa tun daga 1969 har 2018, hannunsa na dama a sama yana motsa kan tsuntsun, ɗan ƙaramin talabijin kuma a ɗaure a ƙirjinsa. Babban mutumin da yake tsaye kusa da tsuntsun yana amsa masa tambaya, yana fassara wa yara ruɗaninsa, aikinsa ɗaya da na mataimakin mai dabo-dabo. Abin da aka kashe kuɗi aka gano ta hanyar gwaji a Philadelphia, masu wasan Borno sun riga sun gina sana'arsu a kansa.

3.3 Abin da Mai Ziyara Yake Gani

A 2013 iyalan Henson suka ba wa gidan tarihin fina-finai da talabijin da ke unguwar Astoria a New York kyautar kaya kusan 500. A watan Yulin 2017 gidan ya buɗe nuni na dindindin mai ɗauke da kaya kimanin 300, ciki har da 'yantsana 47. Mai ziyara yana tarar da Kermit da Big Bird da Elmo a tsaye, amma ba su kaɗai aka ajiye ba. A gefensu akwai zanen farko da aka yi na kowannensu da fensir, da rubutun wasannin, da hotunan masu wasan a tsugune hannuwansu a sama, da allunan da suke nuna guntayen shirye-shiryen da muryoyinsu na asali.

Haka kuma an keɓe wani wuri inda mai ziyara zai zura hannunsa a cikin 'yartsana, ya ɗaga ta a gaban kyamara, ya kalli kansa a talabijin. A nan yake gane cewa aikin ba wasan yara ba ne: hannu yana gajiya da wuri, kuma sa bakin 'yartsana ya buɗe daidai da kowace gaɓar kalma abu ne da sai an koya. Gani ya kori ji, in ji Hausawa, amma a wannan fage gwadawa ta kori gani.

Akwai dalilin da ya sa masu nunin ba su dogara ga jikin 'yantsanar kaɗai ba. Soson da ake yin su da shi yana bushewa ya marmashe bayan wasu shekaru, har sai ƙwararru sun sake gina cikin wasu kafin a iya tsayar da su. Jiki shi ne mafi rauni a cikin abubuwan da 'yartsana ta ƙunsa. Abin da ya fi daɗewa shi ne faifan da ya ɗauki muryarta, da takardar da aka rubuta maganarta, da almajirin da ya koyi motsa ta.

4.0 Talabijin ɗin Yara a Nijeriya

Talabijin ya fara aiki a Nijeriya a Ibadan a watan Oktoban 1959, ya iso Kaduna a 1962, sannan dokar soja ta 1977 ta haɗa tashoshin ƙasar a ƙarƙashin hukuma ɗaya, wato NTA. A Arewa, wasan kwaikwayo na Hausa ya sami gindin zama a wannan kafa, inda irin su Usman Baba Pategi, mai fitowa a matsayin Samanja, da Ƙasimu Yero suka zama sanannu a kowane gida. Sai dai waɗannan shirye-shirye na manya ne, yara suna kallo ne daga gefen tabarma. Shahararren shirin tatsuniya na yara da NTA ta fara a 1984, Tales by Moonlight, da Ingilishi ake gabatar da shi.

Wannan giɓi ba na rashin kayan aiki ba ne. Tun tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya buga tarin tatsuniyoyin Hausa a juzu'i 3. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da littattafai 6 na Tatsuniyoyi da Wasanni domin yara. Gizo da Ƙoƙi da Botorami da Kura taurari ne da aka riga aka ƙera musu hali, kowane yaro ya san tsamin bakin Gizo da wautar Kura. Ko a rubutaccen adabi, Abubakar Imam ya ɗora nauyin Magana Jari Ce a kan aku mai magana, wanda ya riƙe ɗan sarki da labarai har haɗari ya wuce. Tsuntsu mai hira da yaro don ya koya masa hankali, ashe ba baƙo ba ne a Hausa.

Akwai kuma misali daga maƙwabta. Tibi na jihar Binuwai sun raya wasansu na Kwagh-hir, wanda ya haɗa 'yantsanar icce da dodanni da kiɗa da labari. Iyorwuese Hagher ya yi littafi a kansa a 1990, kuma a 2019 hukumar UNESCO ta sanya shi a jerin al'adun ɗan Adam da ba na ƙasa-a-hannu ba. Wasa ya sami masu yi, ya sami masu nazari, ya sami masu ɗauka a faifai, shi ya sa ya tsaya da ƙafarsa. Dabo-dabo bai sami wannan gata ba, har ta kai ga mafi yawan abin da ɗalibi zai dogara da shi a yau rubutun baƙi ne na 1910 da 1935.

A watan Mayun 2011 NTA ta fara nuna Sesame Square, wato reshen Nijeriya na shirin Amurka, da tallafin hukumar USAID. Taurarinsa su ne Kami, 'yartsana mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau wadda aka fara ƙirƙira a Afirka ta Kudu a 2002, da Zobi, direban tasi mai tsananin son doya. Daga baya aka fitar da shirin da Hausa da sunan Dandalin Sesame. Zaɓen kalmar dandali ya dace, domin a dandali yaran Hausawa suke haɗuwa da farin wata. Shirin ya tabbatar da cewa 'yartsana tana iya magana da Hausa a talabijin ta kuma karɓu. Amma ya bar darasi na biyu: taurarin mallakar wani kamfani ne na waje, kuɗin kuma na wata hukuma ce da aka rufe a 2025. Kayan aro ba ya rufe katara.

5.0 Me Ya Sa Bauchi?

5.1 Birnin da Ya San Darajar Murya

Wurin tarihi da baƙi suka fi ziyarta a birnin Bauchi shi ne kabarin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. An buɗe ginin a 1979, kuma yana cikin wuraren tarihi na ƙasa. Mai ziyara yana bi ta wani lungu mai duhu, haske yana ƙaruwa sannu a hankali, har ya fito fili inda kabarin yake ba rufi a samansa. A harabar akwai ɗakin da aka ajiye wasu kayan marigayin. Sai dai duk wanda ya san tarihin mutumin ya san cewa ba da hula ko agogo ya yi suna ba. Da murya ya yi suna, har ana yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Kayan da ke cikin gilashi suna nuna cewa ya rayu, amma faifan jawabansa ne suke nuna ko shi wane ne. Wannan ita ce matsalar 'yartsana a wata siga.

Har ila yau, Bauchi tana da tarihin malaman makaranta da suka ɗauki adabi a matsayin kayan koyarwa. Tafawa Ɓalewa kansa malami ne a Makarantar Midil ta Bauchi lokacin da ya rubuta Shaihu Umar, wanda ya shiga gasar rubutu ta 1933. Malam Aminu Kano ya koyar a wannan makaranta a shekarun 1940, kuma yana cikin na farko-farko da suka yi amfani da wasan kwaikwayo na Hausa don wayar da kai. A wannan birni ne kuma suka yi zaman muhawara tare da Malam Sa'adu Zungur.

5.2 Darasin Fim ɗin Shaihu Umar

Labarin Shaihu Umar ya nuna yadda abin da aka ɗauka a faifai yake iya salwanta. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da littafin wasan kwaikwayo, aka buga shi a 1975, sannan Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Fim ɗin ya ɓace daga idon jama'a shekaru masu yawa. Sai a 2016 aka gano shi a cikin tsofaffin gwangwanayen Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi tare da cibiyar Arsenal ta Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018.

Idan fim ɗin littafin Firayim Minista ya kusa halaka, to ina ga kaset ɗin shirin yara na tashar jiha? A zamanin da kaset yake da tsada, gidajen talabijin na duniya, har da BBC, sukan goge tsohon shiri su ɗauki sabo a kansa. Wanda ya tsira daga gogewa kuma yana fuskantar zafi da ƙura da raɓa, ga shi an daina ƙera na'urorin da suke karanta irin waɗannan kasakasai. Kowace shekara da ta wuce ba a kwashe abin da ke ɗakunan ajiyar NTA Bauchi da gidajen rediyo da talabijin na jihar zuwa kwamfuta ba, hasara ce da ba ta da mayarwa.

5.3 Batun Harsuna

Dalili na uku shi ne mafi nauyi ga manazarcin harshe. Jihar Bauchi, wadda aka ƙirƙira a 1976, tana da harsuna fiye da 50. Akwai Fulatanci da Jaranci da Sayanci da Warjanci da Geranci, harshen mutanen Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wanda ya kafa birnin. Wasu harsunan yankin, kamar na Ajawa da na Kubi, sun riga sun mutu, masu su sun koma Hausa. Harshe yana mutuwa ne ranar da aka daina yi wa yaro wasa da shi. Saboda haka Hausa tana da matsayi biyu a Bauchi: tana neman gurbi a gaban Ingilishi, tana kuma danne ƙannenta.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare. A 2022 aka faɗaɗa tanadin zuwa shekara 6, sannan a watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi ya sanar da soke shi da komawa ga Ingilishi. Kowane ra'ayi mutum yake da shi a kan wannan mataki, sakamakonsa a fili yake: nauyin raya harshen yaro ya ƙara komawa kan gida da kafafen watsa labarai. 'Yartsana kuwa ba ta da harshen kanta. Wadda ta yi Hausa da safe tana iya yin Geranci da yamma, abin da ake buƙata kawai shi ne a sauya mai murya. Da wuya a sami kayan koyarwa mai arha da sauƙin juyawa kamar wannan.

6.0 Abin da Ya Kamata a Tattara

Bisa ga bayanan da suka gabata, duk wani ɗakin nuni da za a keɓe wa wannan fasaha a Bauchi yana buƙatar abubuwa huɗu.

Na farko shi ne jiki: 'yantsanar kara da ta ƙashi da ta yumɓu daga sassan jihar, kowace da sunanta a harshen masu ita, tare da rigar dabo-dabo a kafe a kan sandunanta yadda yaro zai iya leƙa ciki.

Na biyu shi ne murya: a ɗauki tsofaffin mata suna bayyana yadda suka yi bikin 'yartsana da ƙuruciya, da dattawan da suka ga masu dabo a kasuwa, da tsofaffin ma'aikatan rediyo da talabijin da suka gabatar da filin yara. Wannan shi ne mafi gaggawa, domin kara yana jira, tsoho kuwa ba ya jira.

Na uku shi ne faifai da takarda: kasakasan shirye-shiryen yara da rubutunsu, a kwafe su, a ajiye kwafi ɗaya a Bauchi, ɗaya a ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa da ke Jos.

Na huɗu shi ne hannu: wuri inda ɗaliban kwalejojin ilimi da malaman firamare za su koyi ɗinka Gizo da Ƙoƙi da motsa su. A zamanin da wayar hannu take ɗaukar hoto mai kyau, abin da Henson ya buƙaci gidan talabijin kafin ya yi, malamin ƙauye yana iya yin sa a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa ginshiƙai huɗu na dabo-dabo, wato ɓoyuwar mai wasa, sauya murya, mataimaki na zahiri, da gajeren labari, su ne kuma ginshiƙan talabijin ɗin yara da Jim Henson da abokan aikinsa suka gina. Bambancin da ke tsakani ba na basira ba ne, na ajiya ne. An adana zanen Henson da muryarsa da almajiransa, shi ya sa yaron da aka haifa shekaru da yawa bayan 1990 yake iya zura hannu ya gwada sana'arsa. Mai dabo-dabon da Ellison ya kalla a Borno kuwa, abin da ya rage na wasansa bai wuce 'yan shafuka a mujallar Turanci ba.

Aikin da ke gaban sassan nazarin harsunan Nijeriya, da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, da gidajen watsa labarai na jihar Bauchi, bai kai a jira tallafi daga waje ba. Na'urar ɗaukar magana, da ɗalibin da zai zauna gaban kakarsa ya tambaye ta sunan 'yartsanarta da abin da take faɗa mata, sun isa a fara. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma waɗanda suka san amsar suna nan da ransu a unguwannin cikin ganuwar Bauchi da ƙauyukan da ke kewaye da ita.